Jinjirin Wata Uku a Jikin Takarda: Tarihin Zayyana da Kayan Tunawa daga Kano zuwa Dabai

Gabatarwa

A ɗakin kakata da ke Dabai, cikin ƙasar Zuru, akwai wani tsohon akwatin ƙarfe wanda ba a buɗe shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ranar da ta yarda na leƙa cikinsa, bayan na kammala jami'a, abubuwa uku na tarar a naɗe cikin farin ƙyalle: wata laya da fatarta ta yi baƙi saboda gumi, da takardar sallamar mahaifinta daga aikin soja, da falle biyu na littafin addu'a rubutun hannu, masu ado ja da rawaya a gefe. Kakata ba ta karanta boko, ba ta karanta ajami, amma ta haura shekara hamsin tana kare waɗannan takardu daga gara da ɗigar ruwa. Da na ɗaga fallen addu'ar na saita shi da hasken ƙofa, sai na ga siffar jinjirin wata guda uku a jere, a cikin jikin takardar kanta, ba da tawada aka zana su ba. Wannan alama ce ta sa ni bin sawun takarda a ƙasarmu: ina ta fito, wa ya ƙawata ta, kuma me ya sa iyayenmu suka mayar da ita abin adanawa?

Doguwar Tafiyar Takarda

A ƙasar Sin aka fara yin takarda, kuma tarihinsu ya jingina ingantata ga wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun a shekarar 105 Miladiyya. Bayan yaƙin Talas na shekarar 751 sana'ar ta bunƙasa a Samarƙandi, kafin ƙarshen wannan ƙarni ta isa Bagadaza, daga nan ta bi ta Sham da Masar har zuwa garin Shaɗiba na Andalus. Mutanen Italiya sun koye ta, kuma a garin Fabriano, wajen ƙarshen ƙarni na 13, aka ƙirƙiro alamar da ake gani a cikin haske.

Aikin kuwa na hannu ne tun daga farko har ƙarshe. Tsummoki ake tarawa a jiƙa, a daka su har su zama kamar kunu, sannan a tsoma wani faffaɗan rariya na waya a ɗebo, a tsane ruwan, a matse, a shanya. Idan an ɗinka siffar wani abu da siririyar waya a kan rariyar, wurin yakan fi sauran jikin takardar rashin kauri, shi ya sa haske ke ratsa shi. Masu masana'antun yankin Banis sun lura cewa Musulmi ba sa son takarda mai alamar gicciye, sai suka riƙa sa jinjirin wata uku a kan wadda za su kai kasuwannin Daular Usmaniyya. A ƙarni na 19 iyalin Galvani na yankin Pordenone sun yi fice a wannan ciniki, har yau kuma ana ganin alamarsu a littattafai masu yawa na Kano da Sakkwato da Borno.

Jiragen ruwa ne ke sauke takardar a Tarabulus da Masar, raƙuma su ɗauka. Wani ayarin ya bi ta Gadamas da Gat da Agadas ya sauka Katsina da Kano, wani ya bi ta Murzuk da Bilma ya shiga Borno. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a shekarar 1851, ya lissafa takarda mai wata uku cikin kayan da ake shigowa da su daga arewa, ya kuma ce da ita ake naɗe tufafin da aka rina a ƙasar. Wannan bayani yana da muhimmanci. Ashe takardar da aka naɗe turkuɗi da ita a kasuwar Kurmi, irinta ce malami ya rubuta Alƙur'ani a kai. Darajar ba daga Italiya ta zo ba. A nan gida aka sa mata ita, da hannun marubuci da na mai zayyana.

Hannun Malami

Rubutu ya daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). A Borno an samu Alƙur'ani rubutun hannu mai ɗauke da shekarar 1669, da fassarar tsohon Barbarci a tsakanin layukansa. Sai dai jihadin 1804 ne ya ninka buƙatar takarda. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u sun bar ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi, kuma kowane ɗalibi da ke son mallakar ɗaya sai ya kwafa da hannu ko ya biya a kwafa masa. Malam Abdullahi, wanda kabarinsa ke Gwandu a wannan jiha tamu ta Kabi, ya sa wa littafin da ya tattara waƙoƙinsa a ciki a shekarar 1813 suna Tazyinul Waraƙati, wato ƙawata takardu.

In ban da takardar, duk kayan aikin na gida ne. Alƙalami daga kara ko gamba ake fiƙe shi. Tawadar allo daga gawayi da ƙaro take, domin ta wanku. Ta takarda kuwa, wadda ake so ta dawwama, da bagaruwa da ƙarfe ake haɗa ta. Jan launi daga koya yake fitowa, rawaya daga zarnihi. Da baƙi ake rubuta haruffa, da ja ake sa wasula, hamza kuma ɗigo ne na rawaya, bisa tsarin ruwayar Warshu da muke karatu da ita.

Zayyanar ma ba kwalliya kaɗai ba ce, aiki take yi. Ƙarshen aya yana da alamarsa, aya ta biyar tana da kumsa, ta goma tana da kuri. A gefen shafi akwai da'irori masu launi da ke nuna sumuni da rubu'i da nusufi da cikar izu, har izu sittin. Manyan zayyanoni masu kusurwa huɗu, masu kama da saƙar tabarma ko aikin wuyan riga, suna zuwa ne a farkon littafi da kuma farkon surorin A'arafi da Maryamu da Sad, inda Alƙur'ani ya rabu kashi huɗu. Gardin da ke tilawa da dare a gaban wutar kiskadi, da waɗannan alamu yake gane inda ya tsaya. Ba a ɗinke fallayen. Kalmar farko ta falle na gaba ake rubutawa a ƙasan wanda ya gabace shi domin kada jeri ya rikice. Daga nan a haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure, a zura cikin gafakar da baduku ya yi wa ado. Littafi guda ya ratsa hannun mafarauci ko mahauci, da majemi, da baduku, da maƙeri, da malami.

Ƙananan Kayan Tunawa

Daga wannan sana'a ce kayan tunawa na talaka suka fito. Yaron da ya sauke Alƙur'ani ana yi masa allon zayyana, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, a kewaye su da launuka. Ba a wanke wannan allo kamar sauran; ratayewa ake yi a ɗakin uwa, ya zama shaidar gidan. Laya kuwa 'yar takarda ce da aka rubuta addu'a ko hatimi a kai, aka ninke ta ƙanƙanuwa, aka naɗe da zare, baduku ya rufe da fata. Uwa ta rataya wa jariri, mahayi ya ɗaura wa dokinsa, matafiyi ya ɗinke a hularsa. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncinta, amma ga mai nazarin tarihi, laya ita ce ƙaramin ma'ajin da ya kai rubutu gidajen da babu mai karatu ko ɗaya a cikinsu.

Yumɓu da Takarda a Dabai

Mutanen Dabai, wato Lelna waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, suna da tasu hanyar tunawa tun kafin takarda ta iso. Mata na wasu gidaje na musamman ne ke gina tukwane da siffofin yumɓu, na mutane da na dabbobi, a gasa su, a ɗora a kan kabarin wanda ya yi suna: sarki, ko maharbi, ko gwanin kokawa, ko babban manomi. Mai wucewa yana iya karanta matsayin mamaci daga siffar da ke kansa, kamar yadda gardi ke karanta kuri da kumsa. Waƙoƙin bikin Uhola da labaran samarin Golmo su ne sauran shafukan wannan littafi.

Takarda ta shigo ƙasar Zuru ta ƙofofi uku. Fatake da malamai Hausawa sun zo da allo da laya. Masu wa'azin Kirista sun zo da makaranta da Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito a 1932, kuma a gidaje da dama a shafinsa na farko ake rubuta ranakun haihuwa da aure da rasuwa. Ƙofa ta uku ita ce aikin soja, wanda ƙasar Zuru ta yi suna a kansa. Samarinmu suna cikin 'yan Afirka ta Yamma da suka yi yaƙin Bama a rundunoni na 81 da 82, tsakanin 1943 da 1945. Mahaifin kakata ya tafi da layar malami a damtsensa, ya dawo da takardar Bature a aljihunsa, kuma duka biyun wuri ɗaya 'yarsa ta ajiye su.

Zuwan Injin

Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, layin dogo ya isa Kano a 1911, cinikin hamada ya durƙushe. Takardar inji ta fara zuwa ta teku, mai araha, marar ƙarko. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Abin sha'awa, ɗab'i bai kashe rubutun hannu nan take ba. Makaranta allo sun ƙi sakin rubutun da idonsu ya saba da shi, don haka sai aka riƙa ɗaukar hoton abin da gwanaye irin su Sharu Bala Gabari na Kano suka rubuta, ana buga dubbai. Amma abin da ya yawaita yakan rasa mai tattalinsa. Yau da takardar jarrabawa ake ƙunshe ƙosai, yaro kuwa bai ga bambanci tsakaninta da tsohon fallen da ya faɗo daga gafakar kakansa ba.

Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da gidan tarihi na Jos, da hukumar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, duk suna riƙe da dubban rubuce-rubuce. Sai dai masu yawa suna nan a zaurukan malamai da akwatunan tsofaffi, inda gara da laima da gobara ke jiransu. Abin da ya faru a Timbuktu a Janairun 2013, lokacin da aka ƙone dubban littattafai a cibiyar Ahmad Baba, darasi ne, domin waɗanda suka tsira iyalai da ma'aikata ne suka fitar da su a ɓoye zuwa Bamako. Mu ma ba mu tsira ba. A 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a yankunan Danko da Wasagu da Sakaba, kuma wanda ya gudu da goyo a baya ba ya tsayawa ɗaukar akwati. Tukwanen kaburburanmu kuwa, da yawansu yanzu sai a gidajen tarihi na Turai da Amurka ake ganinsu.

Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta tukuna. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Kowane ɗalibi da ke da wayar hannu yana iya ɗaukar hoton takardun gidansu, ya zauna da tsoho ya rubuta wa ya mallake su da yadda suka zo. A raba su da leda, domin tana tara laima. A naɗe su da farin ƙyallen auduga, a ɗaga su daga ƙasa, kada kuma a liƙe yagaggen falle da salatif. Masarautar Zuru da sarakunan Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu suna iya ware ɗaki guda inda za a tattara kwafen waɗannan hotuna, asalin kuma ya zauna wurin masu shi. Makarantu su gayyaci masu zayyana da mata magina su koya wa yara, tun da sauransu a raye.

Da na gama kallon jinjirin watan nan uku, na gaya wa kakata cewa takardarta daga Italiya ta fito, ta ƙetare teku da hamada kafin ta iso Dabai. Ta yi dariya, ta ce ita abin da ta sani shi ne hannun mahaifinta ya taɓa ta. Ta karɓa, ta mayar cikin ƙyallen, ta kulle akwatin, sannan ta miƙo mini mabuɗin.