Tabon MP3 a Cikin Fayil ɗin FLAC

FLAC, tsarin adana sauti wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, mai riƙon amana ne: abin da aka ba shi ajiya, shi yake mayarwa, ba ragi ba ƙari. Saboda haka idan aka juyar da waƙar MP3 zuwa FLAC, fayil zai kumbura, amma sautin da aka riga aka zubar ba zai dawo ba. Ta yaya za a gane an yi haka?

Hanyar da aka fi bi ita ce duba hoton sautin da manhaja irin su Spek ko Audacity. Faifan CD yana ɗaukar samfurin sauti 44,100 a kowace daƙiƙa, don haka kaifinsa na iya kaiwa kilohaz 22.05. Shi kuwa MP3 yakan datse sama don tsimin wuri. Manhajar LAME, mai matse sauti zuwa MP3, tana yankewa wajen kilohaz 16 zuwa 17 a matakin kilobit 128, a 320 kuma wajen kilohaz 20. A hoton, sai ka ga launi ya taso ya tsaya cak a kan miƙaƙƙen layi, kamar an sa reza, samansa baƙi wuluk.

A ganina, an ɗora wa wannan layi nauyin da ya fi ƙarfinsa. Rediyon FM ma yana yanke sauti a kilohaz 15, kaset kuma da ma ba ya riƙe kaifi sosai. Wanda ya kwashe waƙar Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos daga tsohon kaset, tsakani da Allah, zai iya samun hoto mai duhu a sama alhali MP3 bai taɓa ta ba. Sai dai duhun kaset a hankali yake shigowa, shuuwar zare kuma tana bazuwa har can ƙoli. Hukunta irin wannan fayil da kallo ɗaya zalunci ne ga mai adana tarihi.

Hujja mai ƙarfi tana cikin ginin MP3 kansa. Yakan yanka sauti gunduwa-gunduwa, samfuri 576 kowace, ya auna kaifin da ke ciki, sannan ya mayar da abin da kunne ba zai ji ba sifiri. Idan mai bincike ya sake wannan lissafi a kan fayil ɗin da yake zargi, yana gusawa samfuri ɗaya-ɗaya, da zarar ya faɗa daidai kan iyakar gunduwoyin asali sai sifirori su bayyana tuli guda. Sautin da ba a taɓa matsewa ba ba ya nuna haka. A kan wannan tunani Jürgen Herre da Michael Schug suka gabatar da bincikensu a 2000. Tsarin AAC ma yana barin irin wannan tabo, sai dai gunduwarsa samfuri 1,024 ce, kuma sau da yawa ba ya barin layi ɓaro-ɓaro da ido zai kama.