Agogon Daƙiƙa 24 da Tarihin Ɓarin Nasara a Ƙwallon Kwando

Mutumin Ɗan Kassari ko Dogon Dutsi da ya tashi yana kallon kokawa bayan kaka ya san nasara iri ɗaya ce: wanda ya sha ƙasa ya sha ƙasa, makaɗa su juya kiɗa zuwa ga wanda ya kayar. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, har zuwa zamanin Isaka Isaka na jihar Dosso, ba a taɓa jin ɗan kokawa yana gaba da maki ashirin ba. Saboda haka idan matashin Arewa ya kalli ƙwallon kwandon Amurka a waya, ya ga ƙungiyar da ta yi wa abokiyar karawarta fintinkau ta koma gida da kunya, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne tsoro ya kama su, ko kuma an yi musu asiri. Ni kuwa ina ganin tarihin wasan ya nuna wani abu daban. Dokokin gasar NBA ne aka gina su, mataki bayan mataki, don kada wanda ke gaba ya sami wurin ɓuya.

A farkon gasar babu abin da ya hana ƙungiya riƙe ƙwallo. Idan ta sami 'yar tazara sai 'yan wasanta su yi ta miƙa wa juna har lokaci ya cika. Ranar 22 ga Nuwamba 1950 Fort Wayne Pistons ta doke Minneapolis Lakers da ci 19 da 18, wasan da har yau shi ne mafi ƙarancin maki a tarihin gasar. 'Yan kallo suka fara ƙaurace wa filaye. A 1954 aka karɓi shawarar Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse Nationals, cewa dole ƙungiya ta yi jifa cikin daƙiƙa 24 ko ta rasa ƙwallon. Lissafinsa mai sauƙi ne: wasa minti 48 ne, wato daƙiƙa 2,880, a raba su ga jifa 120. Daga ranar, wanda ke gaba ya zama tilas ya riƙa mayar wa wanda ke baya ƙwallo, ko yana so ko ba ya so. Sai kuma a 1979 aka shata layin maki uku. A kakar farko kowace ƙungiya ba ta kai jifa uku daga bayan layin a wasa ɗaya ba, yau kuwa ana yin sama da 30. Tazarar maki 20 da a da take kamar dutse, yanzu jifa bakwai na nesa sun isa su cinye ta, kuma ana iya yin su cikin minti huɗu ko biyar.

Jerin manyan ɓarin da aka yi a zagayen fitar da gwani ya bi wannan sawu. A 1989 Seattle ta ba Lakers tazarar maki 29 amma ta sha kashi. A wasa na huɗu na ƙarshen gasar 2008 Lakers ɗin ce ta yi gaba da maki 24 a gidanta, Boston Celtics ta cinye da 97 da 91. A Afrilun 2019 Golden State Warriors, mai riƙe da kofi, ta yi gaba da maki 31, Los Angeles Clippers ta ƙwace wasan da 135 da 131. Kuma makamin da ke kai ƙungiya sama shi ne ke sauko da ita. A wasa na bakwai na karawarsu ta 2018 Houston ta yi gaban Warriors da maki 15, sannan ta yi jifan nesa 27 a jere babu wanda ya shiga. A 2025 Boston ta zubar da tazarar maki 20 sau biyu a jere a gidanta a hannun New York Knicks. A wasan farko jifan nesa 60 ta yi, 15 kaɗai suka shiga. Ƙungiyar da ta ɗora abincinta kan jifan da yawancinsa ba ya shiga dole wata rana hannu ya bushe mata, kuma agogo ba zai bar ta ta zauna ta jira ba.

Wani zai ce, to ina batun zuciya? Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce wasan farko na ƙarshen gasar 1995. Orlando Magic ta yi gaban Houston da maki 20, kuma a daƙiƙun ƙarshe Nick Anderson na Orlando ya sami jifan kyauta huɗu, babu mai tare shi, ko ɗaya ya ci da wasa ya ƙare. Duka huɗun ya zubar. Kenny Smith na Houston ya farke da jifan maki uku, Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ƙarasa aikin a ƙarin lokaci, 120 da 118. Babu mai hankalin da zai ce hannun Anderson bai yi rawa ba. Amma kafin a zo ga jifansa, maki 17 daga cikin 20 sun riga sun tafi, kuma ba shi kaɗai ya zubar da su ba. Abin da ya fi rusa hujjar zuciya shi ne tarihin Houston ɗin kanta. Shekara guda kafin nan, a 1994, ita ce ta zubar da tazarar maki 18 sannan ta 20 a wasanni biyu na farko da Phoenix, a gidanta, jaridun garin suka yi mata ba'a. Mutanen nan da aka kira matsorata su ne suka fitar da Phoenix, suka ɗauki kofi, suka sake fitar da ita a 1995 bayan Phoenix tana gaba da wasa uku da ɗaya. Haka Warriors a 2016: ta ci wasa 73 cikin 82, ta farfaɗo daga uku da ɗaya ta fitar da Oklahoma City, makonni kaɗan bayan nan ita ma ta zubar da uku da ɗaya a hannun Cleveland ta LeBron James. Idan jarumta hali ce da ba ta canzawa, yaya mutane ɗaya za su zama jarumai a watan Mayu, matsorata a watan Yuni? Abin da ya canza a fili yake: an dakatar da ɗan wasan Warriors Draymond Green a wasa na biyar da Cleveland, abokin wasansa Andrew Bogut kuma ya ji rauni a gwiwa.

Akwai ƙorafi na biyu, kuma shi na fi girmamawa: cewa ana zuzuta abin, domin yawancin ƙungiyoyin da suka yi nisa suna cinye wasansu lafiya, waɗanda suka faɗi kaɗai ake tunawa. Gaskiya ne. Dokokin sun buɗe wa na baya ƙofa ne kawai, ba su tura shi ciki ba, kuma wannan daidai ne, don da kowace tazara tana rushewa da babu amfanin yin gaba. Ƙofar ma tana da iyaka. A zagayen da sai an ci wasa huɗu cikin bakwai, an sha farfaɗowa daga uku da ɗaya, amma uku da nema wani rami ne daban. Boston ta kusa fita daga cikinsa a 2023, ta ci Miami uku a jere, ta faɗi a na bakwai a gidanta. Har zuwa ƙarshen kakar 2025 babu ƙungiyar NBA ko ɗaya da ta taɓa cin zagaye bayan an doke ta a wasanni uku na farko.