Yadda Kwamfuta Ta Koyi Huda Taga a Bango

Duk wanda ya yi aikin zanen gini kafin kwamfuta ta yawaita ya san cewa bango a kan takarda layi biyu ne kawai, taga kuwa 'yar tazara ce da ake bari a jikinsu. Mu da muka koyi aikin a kan allon zane, da rula da alƙalamin tawada na Rotring, mun sha wahalar wannan tazara. Mai gida ya ce a matsar da tagar falo, sai ka ɗauki reza ka kankare tawada a zanen shimfiɗar gidan, ka kankare a zanen fuskarsa, sannan ka gyara jadawalin ƙofofi da tagogi. Ka manta da guda, magini ya zuba linta inda ba a nufa ba.

An fara neman sauƙi a Amurka. A 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a jami'ar MIT, ya gabatar da Sketchpad, inda mutum ke zana layi kai tsaye a fuskar na'ura da alƙalami mai aiki da haske. A ƙarshen 1982 kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD, wadda ta kai zane kan ƙananan kwamfutoci na ofis. Reza ta huta, amma bango bai canza ba. Har lokacin layi biyu ne, na'urar kuma ba ta san bambancinsu da layin kwata ba.

Ba wa bango jiki, wato tsawo da faɗi da kauri, ya taso ne daga wajen injiniyoyi masu ƙera kayan inji. A shekarun 1970, a jami'ar Rochester, Herbert Voelcker da Aristides Requicha sun yi aiki a kan hanyar haɗa siffofi masu jiki ko cire wata daga cikin wata, bisa lissafin George Boole, Baturen Ingila da ya wallafa babban littafinsa a 1854. Da wannan dabara ake huda taga har yau a manhajoji da yawa. Za ka tayar da bango mai kaurin bulo inci tara, wato milimita 225, ka yi wani akwati mai mita 1.2 tsawo da faɗi, ka ɗaga shi milimita 900 daga daɓe, ka soka shi cikin bangon, sannan ka umarci na'ura ta cire shi. Masu aikin sun san dole akwatin ya ɗan leƙo ta ciki da ta waje, domin idan fuskarsa ta yi daidai da ta bangon, sau da yawa wata siririyar fata kan rage ta toshe ramin. Illar hanyar a farkonta ita ce ramin bai san tagar ba: ka matsar da taga, rami yana nan inda ka bar shi.

Charles Eastman na jami'ar Carnegie Mellon ya bayyana mafita tun 1975: a gina gidan sau ɗaya a cikin na'ura, kowane zane ya fito daga gare shi. Cikin waɗanda suka fara kai tunanin kasuwa har da Gábor Bojár, wanda ya kafa kamfanin Graphisoft a Budapest a 1982, lokacin Hungary tana ƙarƙashin mulkin gurguzu. Manhajarsu ta fito a 1984 a kan kwamfutar Apple Lisa, ita ce ta zama ArchiCAD. A 2000 Revit ta biyo baya, Autodesk kuma ta saye ta a 2002 a kan dala miliyan 133. A waɗannan manhajoji taga ba ta tsayawa sai a jikin bango. Ita ke huda raminta, ta tafi da shi duk inda aka ja ta, jadawali kuma ya gyara kansa.

Daga nan aikin ya sauko hannun kowa. SketchUp, wadda ita ma ta fito a 2000, ta sa kana zana murabba'i a bango ka tura shi, taga ta buɗe. Manhajar Blender ta zama buɗaɗɗiya ga kowa a 2002, bayan masu amfani da ita sun yi karo-karon Yuro dubu 100 sun fanso ta.

Abin da ke damuna shi ne, an gina waɗannan manhajoji a kan bango miƙaƙƙe mai kauri ɗaya daga ƙasa har sama. Bangon tubali na magabatanmu gindinsa ya fi samansa kauri, tagoginsa ƙanana ne kuma can sama, saboda zafin rana da sutura. Na ga matasa suna jera manyan tagogin gilashi suna kallon yamma don kawai manhaja ta sauƙaƙa, masu gida kuma su kwana cikin zufa.

Ya ku matasa masu wannan sana'a, ku ƙware a na'ura iyakar iyawarku, amma kafin ku huda bango ku je filin, ku ga ta inda rana ke faɗuwa da ta inda iska ke shigowa, ku kuma saurari maginin da zai ɗora bulon.