Yadda Jami'a Ta Zo Sabo Neman Ilmin Kasuwanci

A yau da yawanmu muna biya wa 'ya'yanmu kuɗi masu yawa domin su karanta ilmin kasuwanci a jami'a, kuma hakan abu ne mai kyau. To amma mu nawa ne muka san cewa ita kanta jami'ar ta taɓa yin tattaki har cikin wannan unguwa tamu, domin ta fahimci yadda iyayenmu suke ciniki?

Bari mu ɗauko zancen daga tushe. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911. Wannan ya sauƙaƙa kawo shanu Kudu da kai goro Arewa. Fatake suka yawaita a gari, har a 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo. Jami'ar Ibadan kuwa sai a 1948 aka kafa ta, wato Sabo ta girme ta da shekara 32.

A 1962 zuwa 1963 wani masani mai suna Abner Cohen ya zo ya yi bincike a Sabo, littafinsa ya fito a 1969. Ya ƙiyasta cewa a lokacin ana sayar da shanu kimanin 75,000 a shekara a Ibadan, kusan duka a kan bashi, kuma kullum akwai wajen fam 100,000 a hannun mahauta Yarbawa da ba a biya ba tukuna. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ba takarda, ba sa hannu, ba banki, ba a kuma zuwa kotu, amma kuɗi suna komawa ga masu su.

Amsar da ya samu ita ce abin da tsofaffinmu suka sani. Falke ya sauka a gidan maigida, ya ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi. Saniyar Arewa ba ta jure zaman kurmi saboda tsando da sammore, dole a sayar da ita da wuri, mahauci kuma ba shi da kuɗi a hannu sai ya yanka ya sayar da nama. To a nan ne dillalin maigida yake shiga, domin shi ya san kowane mahauci, ya san nawa ake binsa, ya san ko yana cika alkawari. In mahauci ya ci bashi, maigida ne zai biya falke, shi kuma mahaucin a daina ba shi shanu har sai ya biya. Jarin maigida na gaskiya shi ne sunansa. Ranar da labari ya kai Arewa cewa ya ci amana, ranar baƙi za su sauya masauki.

Ba Cohen kaɗai ya bi sawunmu ba. Polly Hill ta yi nazarin masu masauki da dillalai a kasuwar shanu ta Kumasi. Mahdi Adamu ya fitar da littafi a 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. Paul Lovejoy ya zauna da tsofaffin fatake a Kano, a 1980 ya fitar da tarihin fataucin goro zuwa Gwanja, inda ya yi bayanin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Har yau masu nazarin yadda ake kasuwanci a ƙasashe masu tasowa, inda banki da kotu ba su isa ko'ina ba, suna komawa ga waɗannan littattafai.

Abin takaicin shi ne, duk da Turanci aka rubuta su, kuma mu da aka yi domin mu ba mu karanta ba. Yaro ya gama digiri ya dawo yana raina dillanci, bai san la'adar dillali ce ta biya masa kuɗin makaranta ba. Mu kuma manya mun bar amanar tana yin rauni. Yau ana tura kuɗi ta waya cikin minti ɗaya, amma waya ba ta san wane ne mai cika alkawari ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da abu biyu. Na farko, a sa ɗalibanmu su zauna da dattawan da suka rage a kara da rumfunan goro, su rubuta yadda ake ɗaure huhu, da yadda ake lamuni, da yadda ake sasanta rigimar bashi, tun kafin ƙasa ta rufe idonsu. Na biyu, a nemi waɗanda za su fassara mana muhimman sassan waɗancan littattafai zuwa Hausa, a riƙa bugawa a wannan mujalla. Yaranmu kuma su koyi lissafi da rubuta ciniki a makaranta, su zo kasuwa lokacin hutu su koyi sanin mutane.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a nemanmu. Wassalam.