Dalmar Anka da Bukkuyum: bashin da ya rage a jikin manya

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka sami labarin yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da aka bi diddigi, sai aka tarar ba sanƙarau ba ne. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida a Dareta da Abare da 'Yargalma. An ƙiyasta yara kimanin 400 sun rasu, kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega.

Magani ya karkata ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma da hujja, domin ƙwaƙwalwarsu ce gubar ta fi saurin illatawa. Sai dai iyayen da suka shaƙi ƙurar nan ba su tsira ba. Tasu illar ta fi bi ta hawan jini.

Duk lokacin da mutum ya miƙe daga tabarma, jini wajen rabin lita na gangarawa ƙafafu da ciki saboda janyowar ƙasa. Abin da ke hana shi faɗuwa sumamme wasu jijiyoyi ne a manyan hanyoyin jini na wuya da na kusa da zuciya, masu jin raguwar matsin jini. Nan take suke sanar da gindin ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke. Cyon da Ludwig ne suka fara gano irin wannan jijiya a jikin zomo a Leipzig ta Jamus a 1866, sannan Heinrich Hering ya tabbatar da ta wuya a shekarun 1920.

Gwaji a kan ɓeraye ya nuna dalma na dagula wannan tsari. A jikin mutane kuwa an daɗe da sanin tana lahanta ƙoda tana ɗaga matsin jini, cutar da ba ta jijjiga kowa, shi ya sa ba ta tara jama'a.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙashi take kwanciya, shekaru da dama. Juna biyu da shayarwa na fito da ita cikin jini, har ta isa ga jariri. Yarinyar da ta yi wasa a ƙurar Dareta a 2010, yanzu ta kai munzalin aure da haihuwa.