Sanin Ƙasa: Daga Maginan Tubali zuwa Injin Gini na Zamani

Ginin ƙasa a ƙasar Hausa sana'a ce ta ɗora abu bisa abu. Magini yakan tayar da bango sahu bayan sahu, kuma ba ya ɗora sabo sai na ƙasa ya bushe har zai iya ɗaukar nauyi. Tun fil'azal ƙarfin wannan sana'a yana ga sanin kayan aiki: wace ƙasa ce ke riƙe, wace ce ke tsagewa, me za a cuɗa mata, kwana nawa za ta yi kafin ta nuna. A Karfi da sauran garuruwan noma na yankin Malumfashi da Funtuwa, inda ruwan damina kan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, wannan sani shi ne ke raba ɗakin da zai ga jikoki da wanda zai zube a tsakiyar Agusta.

Sana'ar ta daɗe. Tarihin Kano ya nuna an fara ganuwar birnin a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, kuma Muhammadu Rumfa ya gina gidan sarautar Kano a ƙarshen ƙarni na 15. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina har yau. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, da ginshiƙai da bakan gizo na ƙasa da azara. Kowane birni yana da Sarkin Magina, kuma ilimin yana bin gida ne, ɗa ya koya a wurin uba.

Aikin yana farawa daga kududdufi. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a tattaka da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa ko kashin dabbobi, a bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa, a sake juya shi. Gwani yakan dunƙula ƙasa a tafin hannunsa ya murza, ya ji yawan yashi da yawan danƙonta kafin ya yarda da ita. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a shanya a rana. Ranar gini, magini yana zaune bisa bango kamar mai hawan doki, ɗan aiki yana jefo masa tubali daga ƙasa, shi kuma yana cafewa yana jerawa, tsini yana kallon sama, yana cike tsakaninsu da kwaɓi. Bangon yakan yi kauri daga tushe, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rumbun ƙasa na hatsi kuwa ba ya ma buƙatar tubali: ana naɗa kwaɓi ne zagaye bisa zagaye, kamar yadda masu ginin tukwane ke ƙara wuyan randa.

Sauran kayan ma kowanne da iliminsa. Azara daga giginya ake tsaga ta, domin gara ba ta cinta da sauƙi, kuma magina sun san iyakar tazarar da za ta ɗauki rufin soro ba tare da ta lanƙwashe ba. Idan ɗaki ya fi haka faɗi sai a ɗaura bakan gizo. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a shafe bango da daɓe don ruwa ya zame. Katsi kuwa daga ramin marina yake fitowa, a ƙona shi a daka, a haɗa da gashin dabba daga majema da ruwan dafara, a sami laso na shafe rufi. Wato ginin soro ɗaya yana jingine da manomi da marini da majemi. Duk wannan lissafi a ka yake, ba a rubuce ba.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kuma ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, ya kawo kwano da siminti. Kuɗin auduga da gyaɗa suka sa mai hali ya koma ga bulo. Da marina suka ragu, katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Abin da aka ceto a rubuce yawanci aikin masu bincike ne: Zbigniew Dmochowski ya auna gine-ginen gargajiya na Najeriya, ya assasa gidan tarihinsu a Jos, aka buga littattafansa uku a 1990, shi kuma Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta digirinsa na uku a kan maginan Hausa a 1981. Gwamnati ta kafa cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi, NBRRI, a 1978, kuma masana a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna nazarin farar ƙasar Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi.

A ƙasashen waje kuwa, dabarar ɗora abu bisa abu ta dawo ta hanyar inji. A 1986 Charles Hull ya sami lasisin mallakar fasahar daskarar da ruwan roba da haske, sahu-sahu, a Amurka. A 1989 Scott Crump ya fito da hanyar narka zaren roba ana zuba shi layi bisa layi. Daga nan wannan fasaha, wato na'urar 3D, ta kai ga garin ƙarfe da siminti da yumɓu. Nan da nan masana'antu suka ci karo da matsalar da magini ya sani: kaya iri ɗaya suna ba da ƙarfi daban idan girman ƙwayar gari ko damshi ko zafi ko kaurin sahu ya sauya, kuma mahaɗar sahu biyu ita ce wurin rauni. Saboda haka aka shiga tara bayanai. Ƙungiyar ma'aunai ta ASTM ta kafa kwamitin ƙa'idojin fasahar a 2009, ita da takwararta ISO suka fitar da ma'aunin 52900 a 2015, wanda ya kasa hanyoyin aikin gida 7. A shekarar ce kamfanin Senvol ya buɗe rumbun bayanan injuna da kayan aikinsu, hukumar awo ta Amurka, NIST, kuma ta fara jerin gwaje-gwajenta na AM-Bench a 2018.

Ƙasa ma ta shiga injin. A 2018 kamfanin WASP na Italiya ya gina ƙaramin gida mai suna Gaia da ƙasar wurin, cuɗe da karan shinkafa da ɓuntunta. A 2021 shi da mai zanen gine-gine Mario Cucinella suka kammala gidan TECLA a Massa Lombarda, da sahu 350 na yumɓu, kowanne kaurin milimita 12. Kafin injin ya fara aiki, sai da aka auna ƙasar aka daidaita haɗinta.

Kayan da aka yi waɗannan gidaje da su suna nan jibge a gonakin kudancin Katsina. Abin da ya rage shi ne bayani a rubuce: yawan yashi da yumɓun kowane kududdufi, yadda yake ƙanƙancewa idan ya bushe, nauyin da yake ɗauka, da adadin makuba da ke kare shi daga ruwa. Bayanan ƙasar Italiya ba za su yi wa ƙasar Karfi aiki ba, domin kowace ƙasa da halinta. Tsofaffin magina su ne suka riƙe wannan sani, kuma suna ƙarewa. Aikin jami'o'i da kwalejojin fasaha na yankin ne su zauna da su, su auna abin da hannunsu ya sani, su rubuta shi tun suna raye.