Debhelper: Umarnan da ke ɗaure manhajojin Debian

Debhelper tarin ƙananan umarnai ne da masu kula da manhajoji a tsarin Debian ke amfani da su wajen mayar da rubutun tushe na manhaja ya zama ƙunshi, wato fayil mai ƙarewa da .deb wanda mai kwamfuta zai girka da umarni guda. Joey Hess ne ya fara rubuta shi a shekarar 1997, shekara huɗu bayan Ian Murdock ya kafa Debian. A yau mafi yawan ƙunsoshin Debian, waɗanda adadinsu ya haura 60,000, ta hannunsa suke bi, haka ma na Ubuntu da sauran tsare-tsaren da aka gina a kan Debian.

Matsalar da ya zo warwarewa

Debian tana da kundin ƙa'idoji da ya fayyace inda kowane fayil zai zauna, da irin izinin da za a ba shi, da yadda za a matse takardun bayani. Kowane ƙunshi kuma yana da fayil mai suna debian/rules, inda ake jera matakan gina shi. A farkon zamani kowane mai kula da ƙunshi da hannunsa yake rubuta waɗannan matakai, sai aka wayi gari ɗaruruwan mutane suna maimaita aiki ɗaya, kowa da irin kuskurensa. Idan ƙa'ida ta sauya, sai an bi ƙunsoshin ɗaya bayan ɗaya an gyara.

Yadda yake aiki

Debhelper ya rarraba aikin zuwa umarnai da sunansu ke farawa da dh_, kowanne da aikinsa tilo. Umarnin dh_installdocs yana kai takardun bayani mazauninsu, dh_compress yana matse su, dh_fixperms yana daidaita izinin fayiloli, dh_shlibdeps yana gano ɗakunan lambobin da manhajar ta dogara a kansu, sannan dh_builddeb ya ɗaure ƙunshin.

A shekarar 2008, fitowa ta 7 ta zo da umarnin dh, wanda ke kiran sauran a jere da kansa. Tun daga nan, manhajar da ba ta da sarƙaƙiya kan wadatu da fayil ɗin debian/rules mai layi uku kacal. Wanda manhajarsa ke buƙatar kulawa ta daban yana iya sauya mataki guda, ya bar sauran yadda suke.

Domin kada sabon sauyi ya rusa tsofaffin ƙunsoshi, kowane ƙunshi yana bayyana matakin dacewar da yake bi, misali 12 ko 13. Sauyin da ka iya karya wani abu sai a sabon mataki yake shiga, kuma mai kula da ƙunshi ne ke zaɓen ranar da zai koma can.

Abin da ke cikin lamarin

Amfaninsa ya wuce rage wahala. Da yake dubban ƙunsoshi daga rijiya ɗaya suke sha, gyara guda yakan isa ga kowa. A ƙarshen 2015 debhelper ya fara samar da ƙunsoshin binciken kurakurai kai tsaye, ba tare da an taɓa yawancin manhajojin ba. Haka kuma masu fafutukar ganin ana iya sake gina ƙunshi ya fito daidai da na farko, ta yadda kowa zai tabbatar ba a cusa masa wani abu a ɓoye ba, sun shigar da wani ɓangare na aikinsu ta wannan ƙofa.

Matakin gini wuri ne da miyagu ke hari. A watan Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya bankaɗo wata ƙofar baya da aka dasa a manhajar xz. An ɓoye ta ne a rubutun ginin manhajar kanta, kuma takan duba ko ƙunshin Debian ko na RPM ake haɗawa kafin ta shiga. Laifin bai shafi debhelper ba, amma ya nuna dalilin da ya sa gajeren fayil ɗin gini, wanda kowa zai karanta ya fahimta, ya fi dogon rubutu mai duhu aminci.

Sai dai tattara aiki wuri ɗaya tattara iko ne. Kuskure a debhelper na iya yaɗuwa ko'ina, kuma mutane kaɗan ne ke kula da shi. Abin da ke taka musu burki shi ne rubutunsa a buɗe yake, muhawara a kansa a bainar jama'a ake yi, kuma ƙa'idojin Debian suna sama da shi.

Makamantansa

Sauran tsare-tsare sun bi hanya mai kama da wannan. Gentoo tana da eclass, Fedora tana amfani da gajerun umarnai na RPM, Nix kuma yana da mkDerivation. Manufarsu ɗaya ce: a rubuta ƙa'ida sau ɗaya, a wurin da kowa zai gani, maimakon a bar ta a warwatse a hannun dubban mutane.